Kofin Farko

A masana'antar nan akwai wata doka da ba a rubuta a ko'ina ba, amma ko mai gadi ya san ta. Duk wanda hannunsa ya zuba gam a sabon mataci, shi zai sha kofin farko na ruwan da ya fito daga cikinsa. Injiniya, mai masana'antar, shi ya kafa dokar tun yana aiki a garejin gidansa, lokacin da shi ne mai zuba gam ɗin, shi ne kuma mai sha. Cewa yake hannu ba ya ha'inci in ya san baki na jira.

Bari in ɗan gaya muku abin da suke yi a wurin, don wanda ya leƙa ta taga sai ya rantse taliya ake murzawa. Wani garin roba ake narkawa ya koma kamar zuma, inji ya matso shi ta wata 'yar ƙofa zuwa cikin ruwa, nan take ya daskare ya zama farin zare mai rami a ciki. Ma'aikatan ma taliya suke ce masa. Jikin zaren nan duk ƙofofi ne waɗanda ido ba ya gani. Ruwa ya wuce abinsa, ƙwayar cuta ta tsaya a waje tana zare ido. Sai a ɗaure dubban zaren su zama dami guda, a zura a bututu mai tsawon hannu, a toshe bakin nan biyu da gam. Shi ke nan, an yi matacin ruwa.

To amma ga inda gizo yake saƙa. In zare biyu ko uku suka tsinke a cikin dubban nan, ruwan zai fito garau, ba launi ba wari, alhali da cuta a cikinsa. Ido ba zai gane ba, harshe ba zai gane ba, sai ciki ya ba da labari. Abin nan shi ya ci wa Injiniya tuwo a ƙwarya shekara da shekaru, har furfura ta cim masa yana kansa. Daga ƙarshe Allah ya ba shi dabara. A tsakiyar damin ya sa wani zare daban, shi ma na roba, amma mai ɗaukar haske daga wannan baki zuwa wancan kamar yadda tiyo ke ɗaukar ruwa. Ɗan ƙwan fitila a gindin matacin, ɗigon koriyar wuta a kansa. Da gangan ya sa zaren hasken nan ya fi taliya rauni. In matacin ya bugu ko ya faɗi, shi ne zai fara karyewa, wuta ta ɗauke. Karatun ke nan gaba ɗaya, ko tsohuwar da ba ta shiga aji ba za ta haddace: in wuta na ci, sha, in ta mutu, jefar.

Ranar da nake ba ku labari, ranar nuna wannan matacin ce ga baƙi. Mutanen hukumar da ke kula da ƙananan asibitocin karkara ne za su zo, ƙarƙashin wata likita da aka ce ba ta dariya da haƙoran gaba. In ta yarda, aikin Injiniya ya fita duniya. In ta juya baya, sai dai ya ci gaba da jera su a kanta yana share musu ƙura.

Mai zuba gam a yanzu 'yarsa ce, Auta. Mai ɗaure dami kuwa mijinta ne, Dogo, wanda ya shigo masana'antar yana neman aiki ya fita da 'yar mai gida. Su biyun suna riƙe da wani sirri mai daɗi, ƙaramin ciki ne da Auta, na fari, kuma kunya ta hana su faɗa wa kowa. Dogo kuma yana da nasa sirrin shi kaɗai, wanda ba shi da daɗi ko kaɗan.

Ga yadda aka yi. Idon Injiniya ya daɗe yana ja da baya. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Yakan miƙa wa kujera hannu ya gaishe ta, a yi kamar ba a gani ba. Ana saura kwanaki baƙi su zo, aka yi gwaji a zauren gaba. Tsohon ya je bakin ƙofa ya tsaya inda baƙi za su shigo, ya ƙura wa matacin ido, ya daɗe, sannan ya ce, "Wa ya sa wa abin nan mataccen batir?"

Wutar kuwa tana ci. Kowa yana ganinta. Amma kowa ya sami abin dubawa a ƙasa.

Abin ya tsaya wa Dogo a rai. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa a kan ɗigon wuta ɗaya, ranar da za a tafa mata kuma shi kaɗai ne ba zai gan ta ba. A sito akwai wani naɗin zaren haske mai kauri, irin wanda ake ƙawata allon shaguna da shi, mai ƙwarin da za ka ɗaure akuya ka tafi kasuwa. Da ya zo ɗaure damin matacin nuni, sai ya zare siririn ya sa mai kaurin, ya naɗe da raga ya miƙa wa Auta ta zuba gam. Ya ce a ransa ai guda ɗaya ne, na kan tebur, wa zai jefar da shi? Aka gwada shi a bahon gwaji kamar kowane, ya fito lafiya lau.

Washegari tsohon ya tsaya a bakin ƙofa, sai ga shi yana dariya kamar yaron da aka saya wa keke. "Kun gani? Ita ce wannan. Ga ta can."

Auta ta tambayi mijinta yaya aka yi wutar ta ƙaru haka. Ya ce murfin wutar ya goge sosai. Ƙarya kuwa fure take, ku dai ku biyo ni.

Da hantsi baƙi suka iso, da jarkarsu a bayan mota. Ba su yarda da ruwan masana'anta ba, nasu suka ɗebo daga wani kududdufi da ke bayan turken shanu. Da aka buɗe murfin jarkar, na layin gaba suka ja kujerunsu baya. Ruwan kore-kore ne, yana da wani abu a sama kamar mai, ƙuda biyu ma sun biyo shi tun daga can.

Dogo ya ɗauki tsumma ya je ya yi wa matacin sharar ƙarshe a kan tebur. Yana juya shi sai yatsansa ya ji kaushi. A kafaɗar bututun, ta baya, shuɗiyar robar ta yi fari, irin farin da roba ke yi in ta sha duka. Jiya da ya ajiye shi babu wannan. Ya ɗaga kai ya dubi surukinsa, wanda ke can yana gaisawa da Likita, sai ya lura tsohon yana jingina nauyinsa a ƙafa ɗaya. Da ya gifta ta kusa da shi kuma ya ji ƙamshin man zafi.

Mama, matar Injiniya, tana zaune a layin ƙarshe da jakarta a cinya, inda take zama kullum don ta ji daɗin yin sharhi. Dogo ya je ya rusuna a gefenta.

"Mama, Baba lafiya kuwa? Na ga kamar yana ɗingishi."

"Kai ma ka gani?" Ta rufe baki da gefen mayafi. "Ya ce in na faɗa wa kowa ba ni ba shi. Tun kafin a haifi matarka yake mini wannan barazanar. Matakalar gida ce. Jiya ai da abin nan ya tafi, wai ba zai kwana shi kaɗai ba, sai ka ce jinjiri. Da safe yana saukowa da shi a rungume, ya ɗauka matakala ta ƙare, ashe da saura. Shi ya yi nan, abin ya yi can, yana ta tsalle har bakin ƙofa."

"Ya bugu sosai?"

"Wa? Shi ko abin?"

"Duka biyun, Mama."

"Shi dai gwiwa ce, na murza masa. Abin kuwa, kafin in ce sannu ya rarrafa ya ɗauko ya kai fuska. Ya ce alhamdu lillahi, wuta na ci. Ni ko sannun ma bai amsa mini ba." Ta dube shi da kyau. "Kai kuma lafiya? Gumin me kake yi, ga fanka a kanka?"

A daidai lokacin aka tayar da famfo.

Ƙaramin famfo ne, ƙararsa kamar ta keken ɗinki. Koren ruwan ya hau tiyo a hankali, ya shige gindin matacin. Ta ɗaya bakin aka ɗan jira, sannan ɗigo, sannan ɗigo, sannan siririn ruwa fari tas ya fara zuba a kofin gilashi. Wasu daga cikin baƙin suka miƙe don su gani. A kan matacin koriyar wuta tana ci, ƙatuwa, kyakkyawa, ba ta san komai ba.

Auta na tsaye a gefen tebur cikin farar rigar aiki. Dogo ya bi ta jikin bango ya zagaya bayanta kamar mai gyara tiyo.

"Kada ki sha," ya ce can ƙasa.

Ba ta juyo ba, murmushin da take wa baƙi ma bai gushe ba. "Yallaɓai, amai kake tsoro? Na ci biskit, ba abin da zai taso."

"Ba shi ba ne. Ki ce kina azumi. Ki ce komai."

"A gaban Baba? Ya ga ina shan shayi ɗazu. Matsa, kana tare musu."

Ya durƙusa bayan teburin. Wata dabara ta zo masa, irin ta wanda ruwa ya ci. In ya zare batir wuta za ta mutu, tsohon da kansa zai ce a jefar, ba wanda zai sha, ba kuma wanda zai san abin da ke cikin damin. Ya lalubi gindin matacin. Yatsunsa suka tarar da gam, sumul, ya daskare kamar dutse. Injiniya ya riga ya yi maganin irinsa tun tuni. Gidan batir a toshe yake don kada wani ya yi wasa da wutar, kuma Auta ce ta toshe shi da hannunta, ita kuwa ba ta aikin rabi.

Ya miƙe. Kofin ya wuce rabi.

Injiniya yana ta bayani, muryarsa ta koma ta saurayi. Ya ba su labarin garejin, da dokar kofin farko. Likita ta saurara hannunta a harɗe, sannan ta ce, "Dokar ta yi mini. In 'yarka ta sha, ni ce ta biyu. Ka san inda za mu kai su, ko? Wuraren da ake dama wa jarirai madara. Ma'aikaciyar jinya ɗaya ce a wuri, ba ta da ɗakin gwaji. Wutar nan ita ce za ta zama idonta."

"Don ita na yi shi," in ji Injiniya. Ya lalubi kofin, ya same shi, ya ɗaga. "Auta."

"Baba," Dogo ya ce. Ba a ji ba, sai da ya sake. "Baba, a ba ni in sha."

Tsohon ya juyo wajen muryar yana dariya. "Surukina ke nan, shi ke ɗaure dami. Kishi yake yi, tun da ya zo ba a taɓa ba shi kofi ba. Dogo, ka yi haƙuri, ka samu 'yar, ka bar mata ruwan."

Zaure ya ɗauki dariya. Har Likita ta ɗan motsa leɓe.

"Ni ma hannuna na ciki, Baba."

"Hannun kowa na ciki. Doka ta ce mai gam." Dariyar ta fara janyewa daga muryarsa. "Koma wurinka."

Auta ta karɓi kofin. Ta yi wa mijinta wani kallo, irin na za mu haɗu a gida.

To jama'a, ku tsaya a inda yaron nan ya tsaya. In ya yi shiru, wataƙila ba komai, wataƙila taliyar ba ta tsinke ba, a tafa a watse, asirinsa a rufe. Wataƙila kuma ruwan turken shanu ne zai sauka a cikin da ke ɗauke da ɗansa. In ya yi magana, ya tsaya a gaban baƙi ya ce wutar surukinsa ƙarya take, ya ce tsohon ya faɗi, ya ce tsohon ba ya gani. Abu uku, kowanne ya isa ya raba shi da gidan. Ko ya kaɓar da kofin ma wani za a cika, famfo na ta aikinsa. Bai taɓa ɗaga murya a gaban mutumin nan ba, ko zama ba ya yi in yana tsaye.

Kofin ya kama hanyar bakinta.

Dogo ya sa hannu ya rufe bakin kofin. Leɓenta ya taɓa bayan hannunsa.

"Wutar nan ba za ta mutu ba," ya ce. Ƙasa yake kallo, amma kowa ya ji. "Ko an taka matacin da mota ba za ta mutu ba. Zaren hasken da ke ciki ba namu ba ne, mai kauri ne na sito. Ni na canza shi. Kuma matacin ya faɗi yau da safe."

Wani ya kashe famfo.

"Ka canza," in ji Injiniya a hankali. "Don me?"

Dogo ya ƙara duƙar da kai.

"Tambayarka nake yi. Wani ne ya sa ka?"

"Ba wanda ya sa ni, Baba."

"To don me?"

"Don ta yi haske."

"Da can ba ta da haske ne?"

Ma'aikatan da ke tsaye a jikin bango duk suka sunkuyar da kai, kamar ranar gwaji. Tsohon ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ko da yake Allah kaɗai ya san abin da yake gani.

"Faɗuwar ba wata faɗuwa ba ce," ya ce da Likita, muryarsa ta bushe. "Matakala ce kawai. Taliyata ta fi ƙarfin wannan. Na san abin da na yi."

Auta ta dubi mahaifinta. Ta ga yadda yake tsaye a ƙafa ɗaya, ga baƙi sun fara haɗa kai suna ƙus-ƙus, ɗaya ma ya ɗauki jakarsa. Ita kuwa tun tana 'yar ƙarama take riƙe masa tocila a gareji. Ta janye kofin daga ƙarƙashin hannun mijinta.

"An gwada shi a baho, ni na gwada," ta ce. "Baba ya ce ba komai. Zan sha."

"Ajiye shi."

Daga layin ƙarshe maganar ta fito. Mama ko tashi ba ta yi ba, jakarta na nan a cinya.

"Ki ajiye, na ce. Kofin nan baki biyu ne zai sha shi. Kina tsammani ban san mai cin biskit da sassafe ba? Ni na haife ki."

Auta ta ajiye kofin. Ta rasa inda za ta sa fuskarta, sai ta sa a tafin hannu.

Injiniya ya ja baya kaɗan. Ya dafa teburin.

Likita ta matso gaba. "An gwada shi kafin ya faɗi. Ina bahon yake? A sake a gabana."

Ɗakin gwaji yana baya, ƙarami ne, da ƙyar ya ɗauki mutanen. Baho ne na ƙarfe cike da ruwa mai tsabta, da fitila a samansa. Gwajin ba wuya. A cire murfin mataci a nutsa shi, a hura masa iska a hankali ta gindi. Jiƙaƙƙiyar taliya mai lafiya ba ta barin iska ta wuce. In akwai wadda ta tsinke, kumfa zai fito ta bakinta.

Auta ta nutsa shi. Dogo ya kama marfin iska. Wutar tana ci har a ƙarƙashin ruwa, ta mayar da bahon kore.

"Buɗe," in ji Injiniya.

Ya buɗe kaɗan. Allurar agogon iska ta fara hawa. Kowa ya sunkuya. Ruwa shiru, ko motsi.

Dogo bai san me zai roƙa ba. In kumfa bai fito ba, ya tozarta tsoho a banza, ya tona cikin matarsa a gaban baƙi, ya kashe aikin shekaru saboda tsoro. In ya fito, to abin da ya kusa faruwa ya tabbata, kuma da hannunsa. Bakinsa dai yana motsi, addu'ar ba ta da kai.

"Ƙara," in ji tsohon.

Allura ta kai inda ake tsayawa. Ruwa shiru. Wani daga cikin baƙin ya saki numfashi, ya fara miƙewa.

Sai ga wani ɗan ƙwayar iska, ƙanƙani kamar kan allura, ya leƙo daga tsakiyar farin damin. Ya tsaya yana shawara, sannan ya saki ya hau sama. Wani ya biyo shi. Wani kuma. Kafin a ce haka sun zama siririn layi, suna hawa a jere. A gefe kuma wani layin ya ɓullo.



"Me ake gani?" in ji Injiniya. Ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa ruwa. "Ku yi magana mana. Akwai?"

Auta ta kama hannun mahaifinta, ta naɗe masa hannun riga, ta nutsa tafinsa a ruwan, ta kifa shi a kan layin kumfan. Ya tsaya haka. Ƙwayoyin iskar suna taruwa a tafinsa, suna silalewa ta tsakanin yatsu. Ya daɗe bai cire ba.

"Biyu ne," ya ce.

"Biyu ne, Baba."

Ya zare hannun, ya goge a rigarsa mai kyau ta tarbar baƙi. Ya juya wajen da 'yarsa take ya dube ta, daga fuska zuwa ƙasa kaɗan, ya kawar da kai da sauri.

Likita ta gyara gilashinta. "To ni yanzu me na zo gani? Matacin da ya fashe wutarsa na ci?"

Injiniya ya nuna ƙofar sito. "Akwai su a kanta, irin na gaskiya. Ki shiga da kanki ki ɗauko wanda ranki ya so. Kada kowa ya bi ta."

Ta shiga, ta ɗan jima, ta fito da guda mai ƙura a kafaɗa, daga can ƙasan kanta. Ta miƙa masa. Ya kai shi dab da fuskarsa, ya juya shi, ya sake juyawa.

"Ni ba na ganin wutar nan," ya ce, da ƙarfi yadda na bakin ƙofa za su ji. "Na daɗe ba na ganinta. Likita, ara mini idonki. Tana ci?"

"Tana ci. Ƙarama ce, amma tana ci."

Ya ɗaga shi daidai ƙirjinsa, ya buɗe hannu.

Ƙarar da ya yi a kan siminti sai da Mama ta dafe ƙirji. Ya yi tsalle, ya gangara ya shige ƙarƙashin baho. Dogo ya durƙusa zai ɗauko, tsohon ya ce, "Ba kai ba." Likita ta tattare zaninta ta durƙusa da kanta, ta jawo shi. Ta kare kansa da tafin hannu don hasken fitila, ta leƙa. Ta juya shi ta sake leƙawa.

"Ta mutu," ta ce.

Tsohon ya gyaɗa kai kawai. Ya nemi kujera, aka tura masa, ya zauna ya miƙe ƙafar da ke ciwo, yanzu ba sauran abin ɓoyewa.

Likita ba ta yi alkawarin komai ba. Ta ce za ta tafi da wasu daga kantar, ita za ta zaɓa, ta kai ɗakin gwajinsu ta jefar da su yadda ta ga dama. In sun yi abin da wannan ya yi, za a ji daga gare ta. A bakin ƙofa ta tsaya ta dubi Dogo sama da ƙasa, sannan ta wuce.

Da motarsu ta tashi, ma'aikata suka sulale ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna da aikin da ya bari. Mama ta je zaure ta ɗauko kofin nan, ta riƙe shi nesa da jikinta ta tuttular a magudana, ta bi shi da ruwan zafi tana faɗa da shi ƙasa-ƙasa.

Dogo ya zo ya durƙusa a gaban kujerar surukinsa.

"Ka so in gani," in ji Injiniya, "sai ka makantar da matacin."

"Na yi kuskure, Baba."

"Ka yi. Ba ƙarami ba." Ya murza gwiwarsa. "Ni ma da na faɗi da shi, baho ya kamata in kawo shi, ba tebur ba. Wutar ta yi mini kyau ne, na ƙi in tambaye ta. Daga yau mai ɗaure dami shi ma zai sha, rabi da rabi da mai gam. Kuma kafin a sauke abin da ake ɗauke da shi, kai za ka shanye duka."

"To, Baba."

"Naɗin nan mai kauri, a fitar mini da shi daga sito yau."

"Ni zan fitar," in ji Auta daga bakin baho. Tana tsane hannunta da tawul, ba ta kalli mijinta ba. "Wai murfi ya goge. In mun je gida sai ka nuna mini tsumman da ka goge shi da shi, in ajiye don tarihi."

Dogo ya ƙara sunkuyar da kai. Mama da ke shigowa da kofin a hannu ta ce, "Ki bar shi haka, ya sha isasshe yau ko da bai sha ba."

Tsohon ya miƙa hannu, Dogo ya kama ya tayar da shi. Bai saki hannun ba da ya miƙe. Suka nufi ƙofa a hankali, ɗaya dogo ɗaya mai ɗingishi.

"Motar nan taka tana tashi kuwa, ko sai an tura?"

"Tana tashi, Baba."

"Gobe ka zo ka kai ni asibitin ido." Ya laluba da ƙafa ya sami dokin ƙofa, ya tsallake. "Akwai baƙon da nake so in gani da kyau in ya iso."